Tafiyar da na yi don in baro 'yata a ƙauye

Ana sallame sallar asuba a masallacin layinmu na Tudun Wadan Zariya muka fito da kaya. Mu huɗu ne: ni, da maiɗakina, da 'yarmu ta fari mai shekara tara, da ƙaninta mai shekara shida. An yi ruwa kafin gari ya waye, kwatar ƙofar gida ta cika har ta hau hanya, sai da na saɓa yaron a kafaɗa na tsallake da shi. Su ukun sun san ƙauyenmu za mu, can bayan Ikara, mu gaida mahaifiyata, mu yi kwana biyu mu dawo kafin a koma makaranta. Ni kaɗai na san mu huɗu za mu tafi, mu uku za mu dawo.

Gara in faɗi laifina tun daga farko, don kada mai karatu ya ɗauke ni mutumin kirki. Ni tela ne, ban gama sakandare ba, kuma ina da saurin fushi. Yarana boko da safe, Islamiyya da yamma, in sun dawo kuma ga aikin gida. Uwarsu ce ke zama da su. Ni in na dawo daga shago abin da na iya shi ne tsawa. Ranar da aka ba da hutu yarinyar ta kawo takardar sakamako, ta zo ta kusa da ƙarshe a ajinsu, malamarsu ta rubuta cewa ba ta mai da hankali. Ban tambaye ta komai ba. Na fita bakin titi na kira Inna, mahaifiyata, na ce mata, “Inna, zan kawo miki takwararki ta zauna a wajenki. Karatun nan ba ya shiga kanta.”

Sunan Inna aka sa wa yarinyar, kuma tun lokacin yaye Inna ke roƙon a ba ta ita riƙo, ni kuma ina ta kewaye-kewaye. A wajenmu namiji ba ya nuna son ɗan fari, balle a gaban mahaifiyarsa. Ko sunan yarinyar ba na kamawa, “ke” nake ce mata. To ga shi da bakina na yi kyauta. Fushin ya huce tun kafin magariba, maganar kuwa ta riga ta isa ƙauye. Ban gaya wa maiɗakina ba. Na zauna a shago na ɗinka wa yarinyar riguna uku da hijabi biyu, na cusa su a wata jaka na ɗaure bakinta da igiya, na ce yadi ne na Inna, kada kowa ya taɓa.

Keke muka shiga zuwa Kwangila. Masu shayi sun hura wuta, masu ƙosai sun fara suya, sauran gari bai gama farkawa ba. Ni ne a gefe da jakar nan a kan cinya. Maiɗakina ta ce in kawo a sa ta a baya da sauran kaya, na ce a'a. Ta bi ni da kallo.

A tashar Kwangila muka tarar da motar Ikara saura mutum biyar, aka ce mana yanzu za ta cika. Wannan “yanzu” sai da ta ci fiye da awa guda. Kuɗin mota ya kusa ninka na bara, na tsaya ina ta ciniki kamar ni za a yi wa ragi a duk tashar. Na zauna, na tashi, na zagaya motar, na sayi ruwa ban sha ba. Yaron ya ga mai balan-balan ya ce sai an saya masa. Ita kuwa yarinyar ta zauna a kan benci ta buɗe littafin aikin hutunta, wani mai kauri da makaranta ta ba su, ta kusa manna fuskarta da takarda tana rubutu. Na ce mata ta rufe, tasha ba aji ba ce. Ta ce saura shafi goma sha ɗaya, kuma malama ta ce wanda bai gama ba kada ya shigo aji. Na juya na ba ta baya.

Da muka kama hanyar Kano gari ya yi haske sosai. Damina ta yi kyau bana. Masara ta fi mutum tsawo dama da hagu, ga shinkafa kore shar a fadamu, ga mata sun jera kwanukan dafaffiyar gyaɗa a bakin titi. Direbanmu dattijo ne mai surutu, tun daga Dogarawa yake ba mu tarihin kowane rami da ke hanya, wanda ya fasa masa taya da wanda ya karya masa ƙarfe. Mu huɗu aka matsa a baya da wata tsohuwa, yaran a kan cinyoyinmu.

Yaron bai daɗe da fara haɗa baƙi ba, don haka duk rubutun da ya gani sai ya karanta. In babbar mota ta sha gabanmu sai ya fara, “Sai... ha... ƙu... ri.” Tsohuwar nan ta yi ta sa masa albarka. Direba ya ce, “To yayar fa? Ke karanta mana na waccan motar.” Yarinyar ta ƙanƙance ido, ta miƙa wuya, ta kasa karantawa. Sai da ƙanin ya faɗa sannan ta maimaita. A gaban mutane na ce, “Kin gani ko? Ɗan aji ɗaya ya fi ki.” Tsohuwar ta ce, “Haba Malam, a bi ta a hankali mana.” Yarinyar ta sunkuyar da kai, ba ta ƙara duban taga ba har Tashar Yari. Ni kuma a raina ina cewa ai ga dalili nan, ban yi kuskure ba. Neman abin da zai wanke ni nake yi.

A Tashar Yari muka bar babban titi muka yi dama. A Maƙarfi direba ya tsaya sauke buhuna, masu talla suka yanyame mu. Na sayi gasasshiyar masara, da mazarƙwaila ta tsarabar Inna, don tana sonta a koko. Masarar sabuwa ce mai zaƙi, amma uku ɗari biyar a garin da ake nomanta. Na yi mita, mai masarar ta ce in je in tambayo kuɗin taki. Na ba yarinyar babbar cikinsu. Ta dube ni da mamaki kafin ta karɓa, don ba ta saba ba.

Daga Ikara babu motar ƙauyenmu sai ranar kasuwa. Babura biyu muka ɗauka, maiɗakina da yarinyar a ɗaya, ni da yaron da kaya a ɗaya. Hanyar ta jiƙe ta zama taɓo, a wurare biyu sai da muka sauka muka taka. Akwai wani rafi da muke tsallakewa da tsalle ɗaya muna yara, yanzu ya kai gwiwa. Takalmina ɗaya ya maƙale a laka, yaron ya yi ta dariya har da riƙe ciki. Kafin azahar muka shiga gari.

Inna na tsaye a ƙofar gida, ban san tun yaushe ba. Ta kama yaron tana cewa, “Ga mijina ya zo hannu rabbana, ko goro babu. Na fasa auren.” Shi kuma ya ce ai ta tsufa, ba ya so. Sannan ta jawo yarinyar ta rungume, ta daɗe ba ta sake ta ba. An yi mana fate da yakuwa da gyaɗa, ga fura da nonon da ba a sirka da ruwa ba. Maƙwabta mata suka shigo sannu da zuwa, maiɗakina na durƙushe tana gaishe su ɗaya bayan ɗaya. A nan Inna ta ce, “To ga ta nan, kun ce ba zai kawo ta ba. Ɗana ya ba ni takwarata. Ta zo kenan.” Wata ta rangaɗa guɗa.

Na dubi maiɗakina. Ba ta ɗago ba. Suruka ba ta musu da uwar miji a kan 'yar fari, ko da zuciyarta za ta fashe. Abin da ta ce kawai shi ne, “Allah ya sanya alheri, Inna.” Inna ta ja yarinyar ta nuna mata ɗan ɗakin da ke jikin nata. An yi masa sabon daɓe, ga sabuwar tabarma da katifa da gidan sauro. Ta nuna mata wata kaza wake-wake ta ce tata ce. Aka kwance jakar da na yi ta riƙo, aka baje rigunan, mata na yaba ɗinki.

Da muka keɓe maiɗakina ta ce, “Malam, shi ya sa ka hana ni taɓa jakar?”

Na ce, “Inna ce ta matsa mini.”

Ta ce, “Inna ta shekara bakwai tana matsa maka. Me ya canja bana?”

Na kau da kai. Ta ce, “Ko ɗan kunnenta na gida ban ɗauko mata ba. Da ka gaya mini ai da na yi mata kitso mai daɗewa.” Daga nan ba ta ƙara yi mini magana ba sai abin da ya zama dole.

Washegari na kasa zama wuri ɗaya. Na bi ƙanin mahaifina gona, ya nuna mini barkono da waken suya, yana ta lissafa abin da tsutsa ta ci, ban ji rabin abin da ya faɗa ba. Na je gaisuwar wata rasuwa. Na hau tudun bayan gari inda ake samun sabis, na riƙe waya ba ni da wanda zan kira. Ƙauyen ya canja: rufin kwano ya yi yawa, akwai mai cajin waya da hasken rana, matasa duk sun koma haya da babur. Makarantar firamare na nan inda na bar ta, daga gidanmu tafiyar rabin awa ce, kuma sai an ƙetare rafin nan. Na tsaya ina kallonta na daɗe.

Bayan la'asar hadari ya taso, ruwa ya kore ni gida. A zaure na tarar da yarinyar ita kaɗai, ta kwanta rub da ciki a bakin ƙofa inda haske yake, tana cika littafin hutun nan. Na zauna nesa da ita ina kakkaɓe hula. Can ta ce, “Baba.”

Na ce, “Mene ne?”

“Saura shafi huɗu. In na gama, gobe ka tafi da shi ka kai wa malamarmu. Kada ta ce ban yi ba.”

Ba ta yi kuka ba, ba ta ce kada a bar ta ba. Na miƙa hannu na ce ta kawo in gani. Tun da ta shiga makaranta ban taɓa buɗe littafinta ba sai ranar. Rubutun tsaf, lissafin da na iya dubawa duk daidai. Na ce ta miƙo jakar makarantar. Na buɗe littattafan da take kwafar darasi daga allo, sai na ga abin ban tsoro: layi ya fara ya tsaya a tsakiya, kalma rabi, wani shafin kanun darasi ne kawai, ƙasa babu komai.

Na ce, “Ke, me ya sa na aji duk giɓi, na gida kuma babu?”

Ta ce, “Ai ni doguwa ce, a baya aka sa ni. Sai ta kusa da ni ta gama nake kwafa a nata. Wani lokaci kafin ta gama an karɓi littafi.”

“Allon fa? Ba kya duban allo?”

“Ina dubawa. Fari-fari nake gani.”

“Me ya hana ki faɗa?”

Ta ce, “Na ɗauka kowa haka yake gani daga baya.”

Ruwa na tsagaitawa na ɗauko gawayi a murhu, na ja su ita da ƙaninta bayan gida, inda Inna ba za ta gan ni ina wasa da 'yar fari ba. Na rubuta “masara” da manyan baƙaƙe a jikin rumbu. Na tsayar da su taku goma. Yaron ya karanta nan take. Ita ta ƙanƙance ido irin yadda ta yi a mota. Na ce ta matso. Taku bakwai, shiru. Taku biyar, ta ce akwai “m”. Sai a taku uku ta karanta. Na goge na rubuta wata kalmar, haka aka sake yi. Na tuna abin da na faɗa mata a gaban fasinjoji, na tuna sau nawa na jefe ta da tef ɗin awo a kan sakamako. Yaron yana ta tsalle wai ya ci gasa. Na ce su shiga gida, ni na tsaya a nan har aka kira magariba.

Da safe, ranar komawarmu, na sami Inna a tsakar gida tana ɓarar wake. Na durƙusa na gaishe ta. A raina ina murna na sami hujjar da ba za ta sa in ji kunya ba. Na ce, “Inna, yarinyar nan ashe idonta ne ba ya gani daga nesa. Dole a kai ta asibiti a Zariya.”

Inna ba ta daina ɓara ba. Ta ce, “Allah sarki. To ka tafi da ita a duba ta, in an ba ta magani ko tabarau ka dawo mini da ita. Sati ɗaya ai ya isa.”

Na ce, “Makarantar nan kuma da nisa, ga rafi.”

“Kai a ina ka yi taka? Rafin bai cinye ka ba.”

Hujjata ta ƙare. Maiɗakina na bakin murhu ta ba mu baya, amma na san tana ji. Na dubi ƙasa na ce, “Inna, ki gafarce ni. Ba idon ba ne kaɗai. Cikin fushi na kira ki, ban yi shawara da kowa ba. Ina son yarinyar a gabana. Ba zan iya barinta ba.”

Hannun Inna ya tsaya. Ta ce, “Sake faɗa in ji.”

Na sake faɗa.

Ta ce, “Ikon Allah. Yau ga ɗan da ke duban uwarsa ya ce yana son 'yar fari.” Ta ture kwaryar gefe. “Kana da shekara biyu kakarka ta zo ta ɗauke ka daga bayana. Nono na zuba, ban ce uffan ba. Sai da ka yi kaciya ka dawo gidan nan, kana ce mini Yaya. Na ce ba komai, nawa lokacin na zuwa. Da ka kira ni ran nan, na ɗauka shi ne ya zo.”

Ban taɓa jin wannan daga bakinta ba. Na san a wajen kaka na tashi, ban taɓa tunanin yadda aka yi da wadda aka karɓe ni daga hannunta ba.

Ta ce, “Ban ga laifinka don kana son 'yarka ba. Da na sami bakin faɗa a lokacina da na faɗa. Amma da ka bar ni yadda nake. Na sa an yi daɓe. Babu gidan da ban shiga na faɗa ba a garin nan.” Ta ɗaga murya ta kira maiɗakina. “Ke, haɗa wa yarinya kayanta. Har kazar, na riga na ba ta.”

Maiɗakina ta zo ta durƙusa tana hawaye ta ce, “Inna, duk hutu zan kawo miki ita da kaina.” Inna ta ce, “Ke na yarda da maganarki.” Ni ba ta dube ni ba. Da za mu tafi ta rungume yaran, ta cika mana jaka da kuɓewa da daddawa da gyaɗa, amma a tsakar gida ta tsaya. Ba ta rako mu ƙofa ba, ita da kullum sai ta kai mu bakin rafi.

Dawowa ba mu sha wuya kamar zuwa ba, ƙasa ta ɗan tsane. A Ikara direba ya ce kaza ma sai an biya mata kujera, yarinyar ta ƙanƙame kwandon ta ce a cinyarta za ta zauna. Kazar ta yi mana kashi a kan takalmi tun kafin Maƙarfi. A babban titi yaron ya koma karatun bayan motoci, ni kuma duk wanda ya wuce sai in faɗa wa yayar a hankali abin da aka rubuta, da launin motar. Muka sauka a Kwangila ana kiran la'asar, muka iso Tudun Wada muka tarar babu wuta, ruwa ya shiga ta taga ya jiƙa katifa. Ban yi wa kowa tsawa ba, har maiɗakina ta tambaye ni ko lafiya.

Bayan kwana biyu na rufe shago na kai yarinyar asibitin ido. Likita ya ce tabarau take bukata, kuma ta daɗe tana bukata. Da aka gwada mata, ta tsaya a bakin ƙofa tana kallon wata bishiya a ƙetaren titi, ta ce, “Baba, ashe daga nan ana ganin ganye ɗaya-ɗaya?” Ranar komawa makaranta ni na raka ta da littafin hutun a cike, na roƙi malamarsu ta dawo da ita gaba.

Abin da tafiyar nan ta koya mini ba mai yawa ba ne, amma ya ishe ni. Na fake da kunya na shekara tara ban zauna kusa da 'yata ba, alhali rabin abin ba kunya ba ce, lalaci ne da rashin haƙuri. Tambaya ɗaya da na yi mata a zaure, da na yi ta a ɗakinmu tun tana aji ɗaya. Kuma waya ɗaya da na buga cikin fushi ta taɓa mutum uku. Biyu suna gabana, kullum ina ganin yadda suke saki jiki da ni kaɗan-kaɗan. Ta ukun tana can bayan Ikara da ɗaki mai sabon daɓe babu kowa a ciki. Ina kiranta duk Juma'a. Takan amsa gaisuwata, ta tambayi aiki, sannan ta ce, “Ba ni takwarata.” In miƙa wayar in koma bakin ƙofa ina jin suna hira da dariya. Wanda ya karanta wannan, ya taya ni roƙon Allah ya sa Inna ta huce da ni tun muna tare a duniya.